Teburin Shawara da Makomar Masaƙun Arewa: Yadda Masana Suka Kalli Al'amarin

ABUJA. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi ta nufi Karshi, idan ya yada zango a Kurudu zai tarar da shagunan masu atamfa da shadda da yadi jere da na teloli, kowa na ta hidimar gabansa. In ya tambayi asalin kayan da ke rataye, amsar da zai fi ji ita ce Sin ko Indiya, shadda mai tsada kuwa a ce masa daga Ostiriya ta fito. Da wuya a nuna masa turmin da aka saƙa a Kakuri ta Kaduna, alhali tsakanin Kurudu da Kakuri tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, kuma a wani zamani can baya masaƙun wannan unguwa su ne ke tufatar da jama'a masu ɗimbin yawa a Afirka ta Yamma.

Yadda aka yi kasuwa ta juya haka, tambaya ce da ta daɗe tana cin ran masana tattalin arziki da na kimiyyar siyasa. Amsoshinsu sun sha bamban, amma akwai inda suka haɗu, wato cewa farashin turmin atamfa ba a bakin mai shago yake farawa ba. Yana farawa ne daga irin tunanin da masu mulki suka ɗauka game da aikin gwamnati a harkar kasuwa, da kuma abin da wakilan ƙasa suka amince da shi a zauren shawarwari na duniya.

Tushen sana'ar

Saƙa da rini ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya bayyana cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can su ne ƙashin bayan arzikin birnin, kuma fatake na kai su har Tumbuktu da Tarabulus. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincike mai zurfi kan yadda garuruwa irin su Kura suka gina sana'ar rini domin kasuwannin nesa, musamman na Buzaye masu sayen turkuɗi.

Masaƙar zamani ta farko a Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, ta soma aiki a 1957 bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga bisani masu jari daga Japan suka shigo da masaƙar Arewa, sannan a 1964 attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa UNTL, wadda ta zama mafi girma a cikinsu. A Kano kuma masaƙu suka bazu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Dalilin zuwan waɗannan baƙi a fili yake: gwamnati ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan yadin waje, saboda haka wanda ke son kasuwar Nijeriya sai ya kawo injinansa cikin gida. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin soja ta ƙara da hana shigo da yadi baki ɗaya. A lokacin da sana'ar ke ganiyarta, babu wani ɓangare na masana'antu da ya kai ta yawan ma'aikata, kuma daga ƙungiyar ƙwadagonta ne Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999.

Mazhabobi biyu da suka daɗe suna jayayya

Masana sun rabu gida biyu tun fiye da shekara 200 da suka wuce. Ɓangare na farko suna bin sawun Baturen Ingila David Ricardo, wanda a littafinsa na 1817 ya kafa hujjar cewa kowace ƙasa ta riƙi abin da ta fi iya samarwa da sauƙi, ta sayi saura daga waje, ta haka kowa zai amfana. A ganin magoya bayan wannan ra'ayi, kare masaƙar da kayanta suka fi na waje tsada haraji ne da aka ɗora wa talaka mai sayen zane domin amfanin 'yan tsiraru.

Ɓangare na biyu suna jingina da Alexander Hamilton, sakataren kuɗi na farko na Amurka, da rahotonsa na 1791 kan masana'antu, da kuma Bajamushe Friedrich List, wanda a 1841 ya yi bayanin cewa masana'anta sabuwa tamkar jariri ce, tana bukatar reno kafin a sake ta cikin manya. Masanin Koriya ta Kudu Ha-Joon Chang ya farfaɗo da wannan hujja a 2002, inda ya nuna cewa ƙasashen da ke wa'azin buɗe kasuwa a yau sun rufe nasu a lokacin da suke tasowa. Misalin da ya fi dacewa da wannan batu shi ne na Ingila kanta, wadda ta kafa dokoki a 1700 da 1721 domin taƙaita yadin Indiya har masaƙunta suka yi ƙarfi.

Ba a Turai kaɗai aka yi wannan tunani ba. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗi a cikin Muƙaddima cewa shigar sarki cikin ciniki da tsananta haraji suna kashe zuciyar masu nema, daga ƙarshe baitulmali ya yi asara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a rubuce-rubucensa kan siyasa, ya sanya kula da masu sana'a da 'yan kasuwa, da gyara hanyoyi da kasuwanni, cikin wajiban mai mulki. Idan aka haɗa maganganun biyu, abin da ya fito shi ne hukuma ta share fage ta kuma tsare shi, amma ta bar wa masu sana'a sana'arsu.

Legas ko Washington

Wannan jayayya ta sauko Afirka da ƙarfinta a farkon shekarun 1980. A watan Afrilu na 1980 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka amince da Shirin Legas, wanda Farfesa Adebayo Adedeji, shugaban Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1975 zuwa 1991, ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tsara shi. Manufarsa ita ce dogaro da kai da ciniki tsakanin ƙasashen nahiyar. Shekara guda bayan haka Bankin Duniya ya fitar da rahoton Elliot Berg, wanda ya ɗora laifin koma baya a kan gwamnatocin Afirka, ya ce su rage darajar kuɗinsu, su janye hannu daga kasuwa, su buɗe iyakoki.

A Nijeriya, Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara a 1985 kan karɓar bashin Asusun Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, gwamnati ta ce ta fasa karɓar bashin, amma a 1986 ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da aka ƙi. Daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, yana mai cewa mafita ita ce a gina kasuwar cikin gida, a haɗa gona da masana'anta, maimakon a jira ceto daga masu ba da bashi.

Abin da SAP ya yi wa masaƙu yana da fuska biyu. Faɗuwar darajar Naira ta sa kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada, kuma rushe hukumar cinikin auduga a 1986 ya bar manoman Funtuwa da Gusau da Malumfashi ba tare da tabbacin iri mai kyau ko farashi ba. A ɗaya gefen kuma, arhar Naira ta sa atamfar Nijeriya ta mamaye kasuwannin maƙwabta masu amfani da Sefa, har masaƙun can suka riƙa kuka. Wannan garaɓasa ta ragu ƙwarai a watan Janairu na 1994, lokacin da aka rage darajar Sefa da rabi. Masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin masaƙun Kaduna da Kano, sun nuna cewa sana'ar ta jure wa SAP fiye da yadda aka zata, ta hanyar rage ma'aikata da ƙara amfani da audugar gida. Guguwar da ta kayar da ita tana gaba.

Abin da aka ƙulla a Janeba

Daga 1974 cinikin tufafi na duniya ya riƙa tafiya ƙarƙashin wata yarjejeniya da ta ba Amurka da ƙasashen Turai damar ƙayyade yawan kayan da kowace ƙasa mai tasowa za ta shigar musu. A zagayen shawarwari na Uruguay, wanda aka fara a 1986 aka rufe a Marrakesh ta Maroko a watan Afrilu na 1994, ƙasashe irin su Indiya da Pakistan suka nace sai an soke wannan ƙayyadewa. Aka amince a janye ta sannu a hankali cikin shekara 10, daga ranar 1 ga Janairu 1995, ranar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ta fara aiki da Nijeriya a cikinta, zuwa ranar 1 ga Janairu 2005. Ana cikin wannan wa'adi ne ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar a watan Disamba na 2001.

Ma'anar haka ita ce an yi wa duniya sanarwar shekara 10 cewa kasuwar tufafi za ta sake fasali. Masaƙun Asiya suka yi amfani da lokacin wajen sabunta injina da faɗaɗa aiki, har kuɗin da suke kashewa kan kowane yadi ya faɗi warwas. A Nijeriya kuwa an ɗage hanin shigo da yadi a 1997, aka maido da shi a farkon shekarun 2000, aka sake sassauta shi a 2010. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007.

Da yawa daga cikin masu masaƙu sun ɗora laifin a kan shiga WTO. Masu nazarin dokokin ciniki suna da ja a kan haka. Sun yi nuni da cewa kayayyakin da Nijeriya ta ɗaure kanta da alkawarin ƙayyade musu kuɗin fito ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma akasarinsu amfanin gona ne. Ke nan ƙasar ta fito daga Marrakesh da sauran sarari mai faɗi na kare masana'antunta ta hanyar haraji. Matsalar ita ce harajin da ke rubuce a takarda ba shi ne ake karɓa a kan iyaka ba.

Teburi biyu a lokaci guda

A 1988 masanin siyasa na Jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya fito da wani bayani da ya yi tasiri ƙwarai a fagen nazarin shawarwari. Ya ce duk wakilin da ya zauna tattaunawa da wata ƙasa, a kan teburi biyu yake wasa: ɗaya da takwarorinsa na waje, ɗaya da masu ruwa da tsaki na gida, kuma yarjejeniyar da ba ta samu karɓuwa a teburin gida ba ba za ta yi rai ba.

Idan aka auna cinikin yadi da wannan ma'auni, za a ga teburin gida na Nijeriya a rabe yake. Mai masaƙa da ma'aikacinsa suna son a rufe iyaka. Dillalin Kantin Kwari da telan da ke ɗinki da matar da ke neman zanen sallah mai rahusa, amfaninsu na cikin kaya masu arha. Manomin auduga yana son ya sayar wa wanda ya fi tayi, ko da na waje ne. Gwamnati kuma tana son kuɗin shiga. Da aka kasa sasanta waɗannan bukatu, sai doka ta tafi gabas kasuwa ta tafi yamma.

Maƙwabta ba su yi barci ba. Masanan ƙasar Benin John Igué da Bio Soulé sun bayyana a 1992 yadda ƙasarsu ta mayar da kanta rumbun ajiya, tana shigo da kaya ta tashar Kwatano domin a tsallaka da su Nijeriya. Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya yi makamancin wannan nazari kan alhazan Maraɗi, waɗanda wani ɓangare na arzikinsu ya ginu a kan kayan da ke bi ta Nijar su gangaro Katsina da Kano. Duk lokacin da Nijeriya ta tsananta hani, ribar fasa-ƙwauri sai ta ƙaru. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Reno mai sharaɗi

To, me ya sa kariya ta yi wa Koriya ta Kudu amfani, ta kasa yi wa Nijeriya? Amsar da masaniya Alice Amsden ta bayar a 1989 ita ce gwamnatin Koriya ba ta ba da tallafi kyauta ba. Kamfanin da aka ba rance mai sauƙi ko aka kare masa kasuwa, sai an gindaya masa adadin kayan da zai sayar a waje, in ya gaza a janye tallafin. A Nijeriya an yi shekara kusan 20 ana hana shigo da yadi ba tare da irin wannan sharaɗi ba, kuma ba tare da an sama wa masaƙu wutar lantarki mai ɗorewa, da baƙin mai, da ruwa, da auduga mai tsabta ba. Asusun Naira biliyan 100 da aka ware ta hannun Bankin Masana'antu a wajajen 2010 ya taimaka wa wasu masaƙu su ja numfashi, amma rance ba ya maganin rashin wuta.

Marigayi Farfesa Claude Ake ya kai maganar nesa da haka. A littafinsa na 1996 kan dimokuraɗiyya da ci gaba a Afirka, ya ce ba wai shirin raya ƙasa ya gaza ba ne, tun farko bai taɓa zama abin da masu mulki suka sa a gaba ba, domin gwagwarmayar riƙe mulki ta cinye musu hankali. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, sauye-sauyen dokar yadi daga wannan gwamnati zuwa waccan sun isa su hana mai hankali zuba jarin da sai bayan shekara 15 zai dawo.

Akwai kuma misalan ƙasashen da suka ci moriyar teburin shawara duk da ƙarancin ƙarfinsu. Bangladesh ta kama hanyar bunƙasa ɗinkin tufafi na fitarwa ne a wajajen 1979, lokacin da kamfanin Daewoo na Koriya, wanda ƙayyadewar nan ta takura, ya haɗa gwiwa da wani kamfanin gida ya horar da ma'aikatansa. Daga nan ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da tufafi a duniya. Lesotho da Kenya sun kafa masana'antun ɗinki bisa dokar AGOA da Amurka ta kafa a 2000. A 2003 kuma, ƙasashe huɗu masu noman auduga, wato Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka haɗa kai suka tilasta wa taron WTO na Cancun sauraron kokensu kan tallafin da Amurka ke ba manomanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga Brussels zuwa Yamai

A 'yan shekarun baya Nijeriya ta fi nuna taka-tsantsan. An kammala yarjejeniyar ciniki tsakanin Tarayyar Turai da Afirka ta Yamma a 2014, amma Nijeriya ta ƙi sa hannu, bayan adawa mai ƙarfi daga Ƙungiyar Masu Masana'antu ta ƙasa. A 2017 aka kafa ofishi na musamman mai kula da shawarwarin ciniki ƙarƙashin marigayi Jakada Chiedu Osakwe. A watan Maris na 2018, lokacin da ƙasashe 44 suka sa hannu kan yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a Kigali, Shugaba Muhammadu Buhari ya dakata, ya ce sai an tuntuɓi masu masana'antu da 'yan ƙwadago. Ya sa hannu a Yamai ranar 7 ga Yuli 2019, sai dai a watan Agusta na shekarar aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa Disamba 2020.

Yarjejeniyar ta tanadi cire kuɗin fito daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, a ba kashi 7 ƙarin lokaci, a keɓe kashi 3. Amma inda gizo ke saƙar shi ne ƙa'idar asalin kaya. Shin rigar da aka ɗinka a Afirka da yadin Sin kayan Afirka ce, ko kuwa sai an yi kaɗi da saƙa a nahiyar? Ƙasashe masu auduga da masaƙu suna son ƙa'ida mai tsauri, masu ɗinki kawai suna son mai sassauci, shi ya sa batun tufafi ya kasance cikin waɗanda aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansu. Layi ɗaya na wannan ƙa'ida na iya yanke hukunci tsakanin buɗe masaƙa a Funtuwa da buɗe rumbun ajiya a Kwatano. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairu na 2025 ta ƙara wa lissafin sarƙaƙiya, musamman ga 'yan kasuwar Katsina da Sakkwato da Kano.

Abin lura ga ɗan kasuwa

Na farko, wa'adin da ke cikin yarjejeniya jari ne. Shekara 10 da aka bayar daga 1995 ta wuce ba a yi shiri ba; wanda ke da masana'anta ko babban shago ya kamata ya san shekarar da za a sauke harajin kayan da yake harka da su, ya tsara sayen inji da karɓar rance a kan haka.

Na biyu, dogaro da hani kaɗai kasada ce. Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da wasu kayayyaki, har da yadi, samun kuɗin waje daga kasuwar hukuma tun 2015, aka kuma janye matakin a watan Oktoba na 2023. Kasuwancin da ribarsa ta rataya ga sanarwar gwamnati, wata sanarwar ce za ta kwance shi.

Na uku, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da majalisun ciniki na Kano da Kaduna da Abuja su ne hanyar da muryar mai jari ke isa ga wakilan ƙasa. Ƙin sa hannu na 2014 da jinkirin 2018 sun nuna cewa ana jin wannan murya idan ta zo da hujja da alƙaluma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa kafin a yi jinka.

Na huɗu, bukatun telan Kurudu, da dillalin Kwari, da manomin Funtuwa, da mai masaƙar Kakuri ba za su taɓa zama ɗaya ba, sai dai ana iya sasanta su: a kare masaƙa na ƙayyadadden lokaci bisa sharaɗin inganci da farashi, a saukaƙa wa mai ɗinki samun yadi, a tabbatar wa manomi iri da kasuwa. Muddin ba a cim ma wannan daidaito a gida ba, duk wakilin da aka tura Janeba ko Akara zai zauna ne ba tare da sanin abin da zai nema da abin da zai iya bari ba.